Karon farko za mu hau jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, masu sani ku ba mu shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa irin wannan tafiya su taimaka mana. Ni da maigida da yaranmu biyu muna shirin hutun mako guda a cikin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, a Bahar Rum, cikin watan Yuli. Jirgin zai tashi daga Barsalona, ya tsaya Marseille, Genoa, Civitavecchia da suka ce ita ce tashar Roma, sai Palermo da Tunis, sannan ya dawo inda ya fito. Kuɗin da na gani a shafin kamfanin ya yi min araha har na fara zargi. Wane ɗaki ya fi? In an tsaya a gari, gara mu sayi yawon da kamfanin ke shiryawa ko mu fita da kanmu? Sannan ni ko a mota jiri nake yi, ina tsoron amai.

Nura: Wa alaikumus salam. Ni dai ɗaukar darasi na zo, na samu wuri na zauna.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam Hajiya. Ajiye maganar ɗaki tukuna, ki fara da biza, domin nan ne mutane ke yin asara tun kafin su ga ruwa. Sifaniya da Faransa da Italiya duk suna cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ke amfani da biza ta bai ɗaya, don haka biza ɗaya ta wadatar. Amma Tunis, babban birnin Tunisiya, ba ta ciki. Da jirgin ya tsaya can kun fita daga yankin ke nan, komawarku Barsalona shiga ce ta biyu. Saboda haka biza mai shiga da yawa za ku nema, ba mai shiga sau ɗaya ba. Ki kuma bincika ko irin fasfonku na buƙatar bizar Tunisiya daban. Fasfon kowa, har na yaran, ya zama da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa. In takardu ba su cika ba a bakin tasha za a hana ku hawa, kuma ba a mayar da kuɗin tikiti, don a cikin sharuɗɗan da kika amince da su an rubuta cewa takardun tafiya alhakin fasinja ne.

Maman Ilham: To Alhaji in muka ce ranar Tunis ba za mu sauka ba, mu yi zamanmu a ciki fa?

Alhaji Garba: Kada ki dogara da wannan. Tun kafin jirgi ya iso ake aika wa hukumar shige da fice sunayen duk wanda ke ciki, mai sauka da marar sauka. Kamfanoni da yawa ba sa yarda ka hau sai kana da takardun kowace tasha da ke cikin jadawalin. Ki rubuta wa kamfanin da kanki, ki faɗa musu ƙasar fasfonki, su ba ki amsa a rubuce, ki ajiye.

Hajiya Turai: Maman Ilham ƙanwata, ƙari a kan maganar Alhaji: kada ki kuskura ki sauka Barsalona ranar da jirgin zai tashi. Ki iso kwana ɗaya kafin nan, ki kwana a otal. Jirgin sama yana jinkiri, akwati yana ɓata a hanya, shi kuma na ruwa ba ruwansa da uzurinki. Ranar hawa kuma za a karɓi manyan akwatuna a bakin tasha, wani lokaci sai bayan magariba za ki gan su a ƙofar ɗakinki. Magunguna, fasfo, caja da kayan canjin yara su zauna a jakar hannu.

Abu Sadik: Maganar araha da kika yi, zarginki yana kan hanya. Abin da tikiti ya ƙunsa shi ne ɗaki, abincin babban ɗakin cin abinci da na wurin ɗibi da kanka, wasannin dare, wurin ninƙaya da wurin renon yara. Sauran abubuwa a kan katin ɗakinki ake rubuta su. A cikin jirgi ba a hulɗa da tsabar kuɗi, katin da ke buɗe ɗakinki shi ne shaidarki, shi ne kuma aljihunki, an haɗa shi da katin bankinki. Lemon kwalba, ruwan gora, kofi na musamman, intanet, hotunan da masu ɗauka ke binki da su, wanki, gidajen abinci na alfarma, duk da kati. Mutum ba ya jin zafin miƙa kati, sai daren ƙarshe ya ga lissafi ya riƙe baki. Sannan ga kuɗin hidima da ake cira kullum a kan kowane mutum. A manyan kamfanonin Amurka yana kaiwa tsakanin dala 16 zuwa 20 a rana, a na Turai ya ɗan fi sauƙi, wasu kuma sun riga sun saka shi cikin tikiti. Ki ninka shi da yawanku da yawan kwanakin ki gani. Ki riƙa duba lissafinki a manhajar jirgin ko a talabijin ɗin ɗaki kowace rana, in an yi kuskure ki gyara da wuri, don layin ofishin karɓar ƙorafi a daren ƙarshe ba a magana.

Nura: Yaya Abu Sadik, na ji an ce ana iya zuwa a ce a cire kuɗin hidimar nan gaba ɗaya. Gaskiya ne?

Abu Sadik: A wasu kamfanonin ana iya ragewa ko a cire, a wasu dole ne. Ni a ganina wayo ne kawai, su rage kuɗin tikiti a talla su dawo su karɓa ta bayan gida. Mai kamfani ya biya ma'aikatansa mana.

Lawal Mai Teku: Malam Abu Sadik, a kan wayon kamfani na yarda da kai, amma bari in faɗa maka wanda ke kwana a ciki in ka cire. Na yi aiki a irin jiragen nan, sashen kula da ɗakuna. Yawancin abokan aikina 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, mutum ya sa hannu a kwantiragin wata shida zuwa tara, ba ranar hutu ko ɗaya, sai dai 'yan sa'o'i tsakanin aiki da aiki. Wannan kuɗin ana raba shi ne har ga waɗanda ba za ka taɓa gani ba, masu wanke kwanuka da masu wankin zannuwan gado a can ƙasan jirgi. In ka cire, kamfani bai rasa komai ba, su ne suka rasa. Wanda aka yi wa ba daidai ba ya kai ƙara a gyara masa, wannan haƙƙinsa ne. Amma a ci a sha a gyara maka gado kullum, sannan ka je ka soke, ni dai ban ga kyawunsa ba.

Abu Sadik: Na ji, kuma ban ce a cire ba. Cewa na yi a lissafa shi tun farko a matsayin kuɗin tikiti, kada a kira shi kyauta.

Lawal Mai Teku: To a nan mun haɗu.

Maman Ilham: Allah ya saka. Yanzu maganar fita gari fa? Na ga kuɗin yawon Roma na kamfanin, mu huɗu, ya kusa rabin tikitin mutum ɗaya.

Alhaji Garba: Ki biya, ki huta. Abin da kike saye a wurin ba motar ba ce, ba kuma mai yi muku bayani ba. Tabbacin komawa kike saye. In motar da kamfani ya shirya ta makale a cunkoso, jirgi zai jira ta, in ma ya gagara jira su ne za su kai ku tasha ta gaba da kuɗinsu. In da kanki kika fita kika makara, ke da aljihunki. Na tsaya a baranda da idona na ga wasu ma'aurata suna gudu a bakin tasha da ledojin sayayya, an riga an janye tsani, tsakanin jirgi da gaɓa bai fi tsawon mota biyu ba, amma ba a dawo ba. Mutane a sama suna ta ihu suna ɗaukarsu a waya, abin ba daɗin gani.

Hajiya Turai: Alhaji, da girmanka, wannan tsoron shi kamfanonin ke sayarwa. Ba kowace tasha ce Roma ba. A Genoa jirgi a cikin gari yake tsayawa, da ƙafa za ki taka zuwa tsohuwar tasha inda babban gidan kifayen nan yake, yara za su fi jin daɗinsa a kan duk wani tsohon gini. Palermo ma kina fita ƙofar tasha kin shiga gari. Me zai sa ta biya kuɗin mutum huɗu a zagaya da ita a bas cikin garin da za ta iya takawa? Kuma yawon kamfani ku hamsin ne a mota, a jira wannan ya fito daga bayi, a jira wancan ya gama ciniki, a ƙarshe a sauke ku a shagon da suka yi yarjejeniya da shi a ce ku yi sayayya minti arba'in. Ni ko Roma da kaina nake zuwa. Bas na tasha ya fito da ke, ki kama jirgin ƙasa daga Civitavecchia, awa ɗaya da 'yan mintuna kina cikin birni, kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da kamfani ke karɓa ba.

Alhaji Garba: Hajiya ke kin saba, kuma ke kaɗai kike tafe ko da babba irinki. Ita da yara biyu, a zafin Yuli, karon farko. Tsakanin Civitavecchia da Roma kusan kilomita 80 ne. Kuma kin fi ni sanin yadda ma'aikatan jirgin ƙasa a Italiya ke shiga yajin aiki. In ya faɗo ranar fa?

Hajiya Turai: Yajin aikinsu ana sanar da shi kwanaki kafin ranar, ba dirar mikiya yake yi ba, mutum ya duba kafin ya fita. Ƙa'idata ɗaya ce: jirgin ƙasan da zan dawo da shi, sai na tabbata akwai wasu biyu a bayansa da za su iya kawo ni kan lokaci. Ina dawowa tasha da sauran awa biyu. Wanda ya tsaya sai jirgin ƙarshe shi ya jawo wa kansa. Abin da na yarda da kai a kai shi ne yaran. In ƙaramin bai iya doguwar tafiya ba, zuwa Roma da kanku wahala ce.

Maman Ilham: Babbar shekararta tara, ƙaramin uku.

Hajiya Turai: To mai shekara uku a layin shiga Colosseum, tsohon filin wasan Romawa, da tsakar rana, sai dai haƙuri. In za ku shiga nan ko gidan tarihin Vatican, tikiti mai ɗauke da lokaci ake saye ta intanet tun makonni kafin tafiya. Ki duba kuma wace rana jirginku zai tsaya, don gidan tarihin Vatican a rufe yake ranar Lahadi, in ban da Lahadin ƙarshen wata, ita kuma cika take yi maƙil. Wuri ɗaya ko biyu za ki zaɓa. Wanda ya ce zai ga Roma duka cikin awa shida, titi kawai zai gani.

Lawal Mai Teku: Ku bar ni in shiga tsakani da abu biyu. Na farko, lokacin da aka rubuta jirgi zai tashi daban, lokacin da ake so kowa ya kasance a ciki daban. Na biyun yawanci rabin awa ne kafin na farko, kuma shi ne naki. Ana rubuta shi a allo a bakin tsani, ki ɗauki hotonsa duk sanda za ki fita. Abu na biyu ya fi kama mutane: agogo. Tunisiya ba ta canza agogo da bazara, Italiya tana canzawa, don haka a watan Yuli Tunis tana bayan Palermo da awa ɗaya. Wani kyaftin yakan mayar da agogon jirgi daidai da na gari, wani yakan bar shi yadda yake. Wayarki kuwa da ta kama layin garin za ta koma lokacinsu ba tare da ta yi miki sallama ba. In jirgi na kan lokacin Italiya, wayarki na nuna ƙarfe huɗu, a jirgi biyar ta yi. Ki ɗaura agogon hannu na gargajiya, ki saita shi da na jirgi da safe, shi za ki bi.

Nura: Ikon Allah. Amma Malam Lawal, mutum biyu kacal, minti goma, me zai rage wa kyaftin in ya jira?

Lawal Mai Teku: Wani lokaci yana jira kaɗan in an samu mutum a waya an san yana kusa. Amma ba shi kaɗai ke da magana ba. Akwai matuƙin tasha da aka ba lokaci zai hau ya fitar da jirgin, akwai masu kwance igiya, wani sa'in akwai jirgin da ke jiran wurin. Kuma duk jinkirin da aka yi sai an rama shi da gudu cikin dare, gudu kuwa mai yake sha ba kaɗan ba. Abin da ake yi shi ne, tunda kowa da katinsa yake fita yake shiga, kwamfuta ta san wanda bai dawo ba. Za a kira sunansa a lasifika ko ya shigo na'ura ba ta kama ba. In shiru, jami'an tsaro su buɗe akwatin ajiya na ɗakinsa, in fasfo na ciki a miƙa wa wakilin kamfanin da ke tashar. Sunan wannan wakili da lambarsa suna cikin takardar shirye-shiryen da ake ba ku kullum. Mutane ba sa karantawa, alhali ita ce lambar da za ta cece ka in ka makara.

Alhaji Garba: Kin ji ko, Hajiya Turai.

Hajiya Turai: Na ji, kuma bai ce a sayi yawon kamfani ba, cewa ya yi a san lokaci. Tunis kam ko ni zan ce ta bi kamfani ko ta yi jinga da mota tun daga tasha, don jirgi a La Goulette yake tsayawa, kufan tsohon birnin Carthage da garin Sidi Bou Said suna kusa amma ba tafiyar ƙafa ba ce. Marseille ma tashar manyan jirage tana da 'yar tazara da tsakiyar gari, sai an hau bas.

Dakta Rabi: Sannunku. Maman Ilham, bari in ɗauki maganar jiri, don tana haɗe da zaɓen ɗaki. Jiri yana zuwa ne idan kunnen ciki yana jin motsi ido kuma yana ganin bango a tsaye, ƙwaƙwalwa ta rikice. Inda jirgi ya fi motsi shi ne gaba da baya da kuma hawa na sama. Inda ya fi natsuwa shi ne tsakiya, a hawa na ƙasa-ƙasa. To abin dariyar, ɗakunan sama su ne masu tsada. Manyan jiragen suna da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗin gefe da gefe, amma ba sa hana hancin jirgi ɗagawa da sauka. Bahar Rum da bazara yawanci a kwance yake, sai dai tsakanin Barsalona da Marseille akwai iskar da ake kira Mistral, in ta taso za ki san kina kan ruwa, kuma daren farko ne za ku bi ta wurin. Maganin jiri kafin a fara ji ake shan sa, in amai ya riga ya fara ba ya zama a ciki. Akwai ƙwayoyi irin su meclizine, akwai na mannawa a bayan kunne mai hyoscine, amma wannan yana busar da baki, yana sa barci, bai dace da ƙananan yara da masu hawan jinin ido ba, ki ga likitanki kafin ki saya. In kin ji ya taso kada ki kwanta kina kallon waya, ki fita iska ki kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Citta tana taimaka wa wasu.

Maman Ilham: Dakta, ke nan ɗaki marar taga bai dace da ni ba? Shi ya fi araha.

Dakta Rabi: Mai jiri ya fi samun sauƙi in yana ganin waje. Ko mai taga kawai ya isa, ba sai mai baranda ba.

Abu Sadik: Kuma in kin ga tayin da aka ce ki biya kaɗan su zaɓa miki ɗaki, ki sani duk inda ya rage za a jefa ku, ƙila can gaba, ƙila ƙarƙashin wurin kiɗa ko kicin. Ki buɗe taswirar jirgin ki zaɓi wanda sama da shi ɗakuna ne, ƙasa da shi ma ɗakuna ne.

Hajiya Turai: Baranda da ɗan shekara uku ma ni ba na so. Shingen yana da tsayi, ƙofar kuma tana da sakata a sama, amma akwai kujeru da tebur a wurin, yaro kuwa hawa ne aikinsa.

Dakta Rabi: Saura abu biyu. Akwai asibiti a cikin jirgi da likita da ma'aikatan jinya, amma ba kyauta ba ne, ganin likita kaɗai kuɗi ne mai nauyi, in kuma ta kai ga a sauke mutum zuwa asibitin gari ko a ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu, ba a magana. Ku yi inshorar tafiya, ku tabbata ta ambaci tafiyar jirgin ruwa. Na biyu, cutar amai da gudawa ta norovirus, wadda ke yaɗuwa da sauri duk inda mutane suka cunkushe. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe ta sosai, sabulu da ruwa ne maganin abin, musamman kafin shiga wurin ɗibar abinci inda kowa ke taɓa cokali ɗaya. Wanda ya kamu ya sanar, za a ce ya zauna a ɗaki kwana ɗaya ko biyu ana kawo masa abinci. Don masu karatu kuma: yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da zai kai mako 24 a lokacin tafiyar, jariri kuma sai ya kai wata shida, a doguwar tafiya ta ƙetare teku sai shekara ɗaya.

Nura: Ni fa duk wannan bai dame ni ba kamar nutsewa. Tunda na ji labarin Titanic na sallama.

Lawal Mai Teku: Nura, Titanic a 1912 ne, kuma saboda shi aka fara yarjejeniyar kare rayuka a teku da ake kira SOLAS a 1914, wadda har yau ake aiki da sabon tsarinta na 1974. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Costa Concordia, da ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya a daren 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. Daga Civitavecchia ɗin nan ya taso a yammacin ranar. A lokacin doka ta ba da awa 24 a yi wa sababbin fasinjoji atisayen ceto, saboda haka waɗanda suka hau a ranar ba a riga an nuna musu inda za su taru ba. Bayan nan ne aka mayar da shi dole kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Yanzu a jirage da yawa bidiyo za ka kalla a waya ko a ɗaki, sannan ka je da ƙafarka wurin taruwarka a ɗauki katinka. Alamar haɗari ita ce busa gajeru bakwai da doguwa ɗaya. Maman Ilham, yara ana ɗaura musu abin hannu mai ɗauke da lambar wurin taruwarku, kada ki cire. In abu ya faru suna wurin reno, ma'aikata ne za su kawo miki su can, ba ke za ki bi bene kina nema ba. Mu da muka yi aiki a ciki kuwa, wuta muka fi tsoro a kan ruwa. Shi ya sa ake ƙwace dutsen guga, butar lantarki, kyandir da wayar ƙarin soket mai kariyar wuta tun a wurin bincike, a ba ka kayanka ranar sauka.

Hajiya Turai: Har abin turare na garwashi ko na lantarki, ƙanwata, kada ki ɗauko. Na'urar hayaƙin ɗakin ba ta da kunya.

Maman Ilham: Kai, to guga fa?

Hajiya Turai: Ki ba masu wanki su goge da kuɗi, wasu jiragen kuma suna da ɗakin wanki na fasinja. Ni kayan da ba sa yamutsewa nake ɗauka. Bangon ɗakin ƙarfe ne, ki sayi 'yan ƙugiyoyi masu maganaɗisu ki rataye mayafi da jakunkuna, don ɗakin ƙarami ne sosai, ku huɗu sai kun yi dabara. In akwai abin da ba ku ci, ko wani yana da abincin da jikinsa ba ya so, ki rubuta musu makonni kafin tafiya, ki sake faɗa wa shugaban masu hidimar tebur a daren farko.

Malam Isa: Ku gafarce ni, ni ban ga abin sha'awa a nan ba. Ka biya kuɗi a kulle ka da mutum dubu biyar, a sauke ka gari da safe a kwashe ka da la'asar kana kallon agogo. Wannan ba ganin duniya ba ne. Jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024, tsawonsa kusan mita 365, yana iya ɗaukar fasinja kusan 7,600 ban da ma'aikata sama da dubu biyu. In irinsa uku suka sauke mutane a ƙaramin gari rana ɗaya, masu garin ina za su sa kansu? Ba banza ba Italiya ta hana manyan jirage bi ta tsakiyar Venice tun Agustan 2021.

Alhaji Garba: Malam Isa, maganarka ta cunkoso gaskiya ce. Amma ka duba mai yara ko dattijon da gwiwa ta fara ba shi matsala. Ƙasa huɗu cikin mako guda, akwati sau ɗaya za ka kwance, ka kwanta a Faransa ka farka a Italiya, ba neman otal, ba jan kaya a tashar jirgin ƙasa. Ɗanɗano ne. Garin da ya burge ka sai ka koma masa daga baya ka yi kwanaki.

Malam Isa: Ɗanɗanon da sai an yi layi kafin a sauka, a yi layi kafin a hau. Na bar muku.

Abu Sadik: Wani sirrin ma, ranar da kowa ya fita gari ita ce ranar da jirgi ya fi daɗi. Wurin ninƙaya ba kowa, ba layin abinci. Ba dole ne a sauka kowace tasha ba.

Nura: Waya fa? Ana samun layi a tsakiyar teku?

Abu Sadik: Ana samu, kuma nan ne tarkon. In jirgi ya yi nisa da gaɓa wayarka za ta kama layin jirgin da ke bi ta tauraron ɗan Adam, kuɗinsa yawanci ba ya cikin tsarin amfani da layi a ƙasar waje da ka saya, ko ba ka taɓa wayar ba manhajoji na ci a ɓoye. Da an kwance igiya ka sa ta a yanayin jirgin sama, ka kunna Wi-Fi kaɗai. Manhajar jirgin tana aiki ko ba ka sayi intanet ba. Intanet ɗin ya gyaru sosai tunda kamfanoni suka koma Starlink, kamfanin intanet na tauraron ɗan Adam, amma da tsada, kuma yawanci kuɗin waya ɗaya ne. Ku sayi ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, na cika shafi biyu. Maigida ya ce Roma da Tunis za mu bi kamfani, sauran mu taka da kanmu. Tambaya ta ƙarshe, jadawali ya ce jirgi zai iso Barsalona ƙarfe takwas na safe. Akwai jirgin sama na sha ɗaya saura, mu ɗauka?

Lawal Mai Teku: A'a. Isowa daban, a ba da izinin sauka daban, kuma rukuni-rukuni ake fita bisa launin takardar da aka ɗaura wa akwatinki. Daren ƙarshe za ki fitar da manyan akwatuna ƙofar ɗaki kafin ki kwanta, sai a cikin tasha za ki sake ganinsu, don haka ki ware kayan da kowa zai sa da safe, har takalma. Mun sha ganin mutum ya fito da rigar barci yana tambayar inda akwatinsa yake. Ki nemi jirgin da zai tashi bayan ƙarfe ɗaya na rana.

Hajiya Turai: Roma da kamfani, to Alhaji ya ci wannan. Amma ki nemi irin wanda mota kawai za ta kai ku ta ajiye ta dawo ta ɗauke ku, ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma jirgi na jiran sa kamar sauran.

Alhaji Garba: Wannan kam ban da ja. Sai dai su riƙe sunan titin da motar ta ajiye su, don ita motar ba ta jiran wanda ya ɓata.